Foday Sankoh da Yarjejeniyar Lome ta 1999

Foday Sankoh kofur ne a rundunar sojan Saliyo. An ɗaure shi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulkin 1971 kan gwamnatin Siaka Stevens, da ya fito ya koma sana'ar ɗaukar hoto a garuruwan gabashin ƙasar. Daga baya ya samu horo a Libiya, ya kuma ƙulla zumunci da madugun 'yan tawayen Laberiya, Charles Taylor. A watan Maris na 1991 mayaƙan ƙungiyarsa ta tawaye, RUF, suka ƙetaro daga Laberiya suka afka wa Bomaru a gundumar Kailahun. Ƙungiyar ta ce ta zo kawar da gwamnatin da cin hanci ya cinye, amma da lu'ulu'un Kono ta riƙa sayen makamai, kuma abin da aka fi saninta da shi shi ne sace yara a mai da su soja da datse hannayen manoma da adda.

An fara gwada sulhu a Abidjan a Nuwamba 1996, tsakanin Sankoh da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah, ba a je ko'ina ba. A 1997 aka tsare Sankoh a Najeriya. A watan Mayu na wannan shekara sojoji ƙarƙashin Johnny Paul Koroma suka hamɓarar da Kabbah, suka gayyato RUF cikin mulki. Dakarun ƙawancen Afirka ta Yamma, ECOMOG, waɗanda mafi yawansu 'yan Najeriya ne, suka fatattake su daga Freetown a Fabrairu 1998. Aka mai da Sankoh gida, kotu ta yanke masa hukuncin kisa bisa cin amanar ƙasa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne harin 6 ga Janairu 1999, lokacin da 'yan tawaye suka kutsa Freetown, suka ƙona unguwanni, suka kashe dubban mutane. Najeriya, wadda ke komawa mulkin farar hula, ta gaji da asarar rai da dukiya, tana son janye sojojinta. Kabbah ba shi da rundunar da zai dogara da ita, Amurka kuma na matsa lamba a sasanta. Ranar 7 ga Yuli 1999 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Lome, babban birnin Togo. Mutumin da ke jiran igiya ya samu afuwa, aka ba shi matsayi daidai da na mataimakin shugaban ƙasa, aka kuma naɗa shi shugaban hukumar kula da ma'adinai. Ƙungiyarsa ta samu kujerun minista huɗu da na ƙaramin minista huɗu. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ya rubuta kusa da sa hannunsa cewa afuwar ba ta shafi laifukan yaƙi ba.

Raunin yarjejeniyar a fili yake: an ba kura ajiyar nama. Sankoh ya karɓi muƙami tun kafin mayaƙansa su ajiye bindiga, kuma ramukan lu'ulu'u na nan a hannunsu. Babu ribar da zai ci in ya kwance ɗamara, sai ya yi ta jan ƙafa. A Mayu 2000 RUF ta yi garkuwa da sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya kusan 500. Ranar 8 ga watan, jama'a suka yi zanga-zanga zuwa gidansa a Freetown, masu gadinsa suka buɗe wuta, mutum kusan ashirin suka mutu. Ya tsere, aka cafke shi ranar 17 ga Mayu, lokacin da sojojin Birtaniya suka riga suka sauka a birnin.

An ayyana ƙarshen yaƙin a Janairu 2002. A zaɓen Mayu na shekarar, jam'iyyar da RUF ta rikiɗe ta zama ba ta samu ko kujera ɗaya a majalisa ba. Kotun musamman ta Saliyo ta tuhumi Sankoh a Maris 2003, amma ya rasu a asibiti a Freetown ranar 29 ga Yuli 2003, kafin a yi masa shari'a.