Baƙar Giyar Fadar Rasha, Shayin Hayaƙi da Dawar Babura

A 'yan shekarun nan wasu ƙananan masana'antun giya a Turai da Amurka sun fito da wani salo: su dafa baƙar giya mai ƙarfin gaske, wadda ake kira imperial stout, da tsiron hatsin da aka busar a kan hayaƙi, sa'annan su jiƙa ganyen shayin ƙasar Sin mai ƙauri a cikinta. Yawancin masu karanta wannan rubutu ba su taɓa ganinta ba, kuma addini ya raba su da ita. Duk da haka tarihin abubuwan da ke cikin kwalbar ya ratso ta ƙasar Hausa, kuma ya bar mana wata tambaya ta kuɗi da har yau ba mu warware ba.

Asalin wannan giya birnin Landan ne, inda a farkon ƙarni na 18 aka fara dafa wata baƙar giya mai suna porter. Wadda ta fi ƙarfi a cikinta ita ake kira stout. Masana'antar Thrale da ke unguwar Southwark, wadda Barclay da Perkins suka saya a 1781, ta riƙa aika mafi ƙarfin zuwa Rasha a zamanin Sarauniya Catherine, wadda ta yi mulki daga 1762 zuwa 1796. Daga wannan alaƙa da fadar Rasha ta samo laƙabinta na sarauta. Ƙaurin hayaƙi kuwa a da dole ce ta kawo shi, domin a kan wutar itace ko kara ake busar da tsiron sha'ir. Da aka koma amfani da gawayin kwal, kuma Daniel Wheeler ya ƙirƙiro gangar gasa hatsi a 1817, sai hayaƙin ya ɓace daga giyar Ingila. Garin Bamberg na Jamus na cikin wurare kaɗan da suka riƙe tsohuwar hanyar. Shi kuma shayin, wanda ake kira lapsang souchong, daga tsaunukan Wuyi na lardin Fujian yake fitowa, inda ake banda ganyen a kan itace mai ƙaro, kamar yadda muke bandar kifi.

'Yar'uwar wannan giya ce ta iso Afirka ta Yamma. Arthur Guinness ya karɓi hayar masana'antarsa a Dublin a 1759, kuma a 1801 kamfanin ya fara dafa wani nau'i mai ƙarfi domin ya jure doguwar tafiyar teku zuwa ƙasashe masu zafi. Zuwa 1827 ta sauka a Saliyo. Amma abin da ya fi cika jiragen Turawa a gaɓar Najeriya a ƙarni na 19 barasa ce mai arha daga Holan da Jamus, wadda har ta zama tamkar kuɗi a wasu kasuwannin Kudu.

A nan ne tarihin Arewa ya rabu da na Kudu. Ƙasar Hausa ta daɗe da tata giyar, wadda Maguzawa ke dafawa da dawa ko gero, suna amfani da ita a bukukuwa da gayya da tsafi, kamar yadda Joseph Greenberg ya bayyana a littafinsa na 1946 bayan bincikensa a karkarar Kano. Jihadin 1804 ya tsananta haramcinta a kan Musulmi, kuma masarautar Kazaure da Ɗan Tunku ya kafa a 1819 ta tashi ne a cikin wannan tsari. Sa'annan a 1890 ƙasashen Turai suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta hana shigar da barasa yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, ko addini ya hana su. Da Lugard ya kafa mulkin Arewa a 1900, sai ya ɗauki yankin a matsayin inda aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai. Wannan ya dace da alkawarin da ya yi wa sarakuna na cewa ba zai taɓa addini ba, ya kuma sauƙaƙa masa mulki ta hannunsu.

Sai dai hanin yana da ƙofa ta baya. Gwamnatin Arewa ba ta iya ɗaukar nauyin kanta, tana dogara ne da tallafin Landan da gudummawar Kudu, kuma babban kaso na kuɗin shigar Kudu daga harajin barasa yake fitowa a tashoshin jiragen ruwa. Haɗewar 1914 ta zuba kuɗin biyu a asusu guda. Ma'ana, yankin da aka kare daga barasa yana cin gajiyar harajinta tun daga farkon ƙasar. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya kawo ma'aikata daga Kudu, aka keɓe musu Sabon Gari, inda dokar giya ta bambanta da ta cikin birni. Dokar hukunta laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta sa shan giya ya zama laifi ga Musulmi, kuma dokokin shari'a da jihohi irin su Jigawa suka kafa a 2000 sun ɗora ne a kan wannan tsohon harsashi.

Gurbin abin shan zaman hira kuwa, shayi ne ya cike shi, tare da goro da ya riga shi. Kalmar shayi kanta daga Larabci muka aro ta, kuma hakan na nuna hanyar da ya fara biyowa. Koren shayin Sin ya bazu daga Maroko zuwa cikin Sahara a ƙarni na 19, kuma fataken Gadamas da Turabulus, waɗanda Kanawa suka fara kira Turawa, suna cikin waɗanda suka san shi tun da wuri. Yankin Babura, wanda ke kan hanyar Kano zuwa Magarya da Damagaram, yana tsakiyar wannan zirga-zirga, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ba ta tsayar da ita ba. Shi ya sa har yau ake ganin al'adu biyu kusa da juna: ƙaramar butar Buzaye a kan gawayi, wadda ake tsiyayawa sau uku, da teburin mai shayi na bakin tasha, da Lipton da madara da burodi, wanda ya zo ta hanyar Ingila. Wanda ya saba da shayin da aka dafa a kan itace ya san ɗanɗanon hayaƙin da Turawa ke biyan kuɗi mai yawa domin samu.

Babi na ƙarshe ya dawo da mu gona. A 1962 Guinness ya kafa masana'anta a Ikeja, ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ailan da Birtaniya. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir domin tsimin kuɗin waje, sai masana'antun giya suka koma ga dawa da masara. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta riga ta fitar da irin dawa da ya dace da wannan aiki, kuma kamfanonin sun ci gaba da amfani da dawa har bayan da aka sassauta dokar. Daga wannan tsiro ne kuma ake yin lemon malt marar sa maye da ake rabawa a bukukuwanmu. Buhun da ya bar gona a Babura ko Roni ko Gwiwa ya shiga kasuwar Dawanau, mai shi ba ya da iko da inda zai ƙare: tukunyar tuwo, ko abincin kaji, ko kwalba a Legas.

Saboda haka muhawarar da ta ɓarke a 2021, lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta yanke wa jihar Ribas hukuncin cewa ita ke da ikon karɓar harajin VAT a cikinta, maimaicin tsohuwar magana ce. Masu suka sun ce jihohin da ke fasa kwalaben giya suna karɓar kasonsu daga harajinta. Suna da hujja, kuma hujjar ta girmi 'yancin kai. Abin da suka manta shi ne cewa hatsin da ke cikin kwalbar daga gonakin Arewa yake fitowa, kuma ribar sarrafa shi a Kudu take zama. Wanda ke son jiharsa ta rabu da kuɗin giya, wajibi ne ya nuna inda za ta samo madadinsa, kuma wuri mafi kusa shi ne sarrafa dawar a gida zuwa gari da tsiro da abin sha na halal, maimakon sayar da ita ɗanya a farashin kaka.