Tsinin Da Ya Cinye Wanda Ya Raɗa Masa Suna

Mai karatu, kudu da birnin Cape Town a Afirka ta Kudu akwai wani tsinin dutse da ya kutsa cikin teku. In ka je yau, jiminu za ka gani suna kiwo a bakin ruwa, ga birai masu wawushe abincin baƙi, ga igiyar ruwa na dukan duwatsu ba ƙaƙƙautawa.

A 1488 matuƙin jirgin ruwan Fotugal, Bartolomeu Dias, ya kewaye wurin bayan ya sha wuyar guguwa. An ce shi ya raɗa masa "Tsinin Guguwa". Amma Sarki João na Biyu, da ke zaune lafiya lau a fadarsa, bai so sunan ba. Shi hanyar Indiya da ribar kayan yaji yake hange, sai ya mayar da shi "Tsinin Kyakkyawan Fata".

Kamar a fim, a 1500 Dias ya sake biyowa ta nan, guguwa ta kifar da jirginsa, ya halaka. Sunan sarki ne ya zauna a taswira. To amma kai, mai karatu, tsakanin su biyun wa ya fi sanin wurin?