Wuƙa Mai Kube a Hanyar Gabas

A ɗakunan adana kayan tarihi na Turai, da hannun masu sha'awar tara makaman gargajiya, akwai wata 'yar wuƙa da ake yawan gani: ruwanta bai wuce taƙi ɗaya ba, ƙotarta ta itace ce, kubenta na jar fata, kuma a jikin kuben akwai zoben fata da ake zura hannu a ciki har ya tsaya sama da gwiwar hannun hagu. Takardar da ake liƙa mata yawanci ba ta wuce cewa makami ne daga Sudan ba. Wanda ya san ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, daga Wad Madani zuwa Wad Haddad har Mai Wurno kusa da Sannar, ya san wannan bayanin ya gaza ƙwarai. A hannun Bahaushen da ya bi hanyar gabas, wuƙa mai kube jari ce kafin ta zama komai. Da ita ya ci abinci a hanya, da ita ya sami wurin zama a ƙasar da ba a ba shi gona ba, kuma abin da ya sa ta rayu har yau shi ne ta yarda ta sauya sana'a duk lokacin da ƙasa ta sauya a ƙarƙashin mai ita.

Sai an fara da tafiyar kanta. Tun kafin Turawa, alhazan ƙasar Hausa da Barno suna ratsa Wadai da Darfur da Kordofan da ƙafa, su ƙetare Nilu, su nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin watan Yulin shekarar, sai ayarin ya zama ƙaura. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu. Talakan da ya bi wannan hanya ba ya yin ta a wata guda ko biyu. Yakan yi shekaru, ya tsaya a gari ya yi aiki, ya tara guzuri, ya ƙara gaba. To wace sana'a ce mutum zai iya ɗauka a ka ya yi tafiyar dubban kilomita da ita? Gona ba ta ɗaukuwa, rijiyar rini ba ta ɗaukuwa, masaƙa ma nauyi ce. Abin da ke ɗaukuwa shi ne askar wanzami, da basillar baduku, da allon malami, da wuƙar mahauci ko maharbi. Duk ƙauyen da aka sauka akwai dabbar da za a yanka, akwai fatar da za a feɗe, akwai igiyar da za a tsinka, kuma a dajin da ke tsakanin gari da gari, zomo ko zabo ko barewar da aka kama da rai ba ta halatta sai an yanka ta.

Wannan batu na halal shi ne abin da masu tara wuƙaƙe suka fi tsallakewa, alhali shi ne ya tsara siffar wuƙar. Hausawa da mutanen Sudan galibinsu Malikawa ne, kuma Risalar Ibn Abi Zaid da almajiri ke karantawa a Zariya ita ake karantawa a Jazira, ƙasar da ke tsakanin Nilu biyu. A mazhabar, yanka ba ya cika sai an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kuma ba a so mai yanka ya ɗage hannu kafin ya gama. An kuma hori Musulmi da ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabbar. Maharbin da ya tarar da abin da ya harba yana shure-shure ba shi da lokacin lalube cikin jaka ko buɗe wuƙar naɗewa da farce. Hannun hagu yana danne dabbar, hannun dama ya kai ga damtsen hagu ya zaro, a yi bismillah a gama. Wuƙar da ba ta naɗewa ba ta da gaɓar da jini da yashi za su cushe, ba ta rufewa a kan yatsun mai ita in ta ci karo da ƙashi, kuma in ƙotar ta tsage, kowane maƙerin ƙauye zai ɗora mata wata kafin la'asar. Ɗaura ta a hannu kuwa dabarar mai doguwar riga ce da mai hawan jaki ko raƙumi, wanda wuƙar ƙugu za ta tokare shi in ya zauna.

Akwai masu cewa, ai wannan wuƙar hannu ba ta Hausawa ba ce. Gaskiya ne ba su kaɗai ke da ita ba. Buzaye suna ɗaura irinta, Tubawa suna ɗaurawa, haka Barebari da mutanen Darfur da Larabawan Kordofan. A gabashin Sudan kuma Hadandawa suna da tasu mai lanƙwasa wadda maƙeran Kasala suka shahara da ita. Amma wannan hujjar goyon bayan maganar take yi, ba rushe ta ba. Siffar da ta bazu daga Agadas har bakin Nilu ta bazu ne a kan hanyar fatauci da hanyar hajji, wato hanyar da Hausawa suka daɗe suna takawa. Ba a taɓa samun lokacin da wuƙa ko takobin wannan yanki ya kasance aikin ƙabila ɗaya tsantsa ba. Da Baturen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba masu yawa daga Solingen ta Jamus ta hanyar Sahara, maƙeran gari su ɗora musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, a sake fitar da su zuwa wasu ƙasashe. Takubban kaskara da mayaƙan Mahadin Sudan suka riƙe a yaƙin Karari a 1898, da yawansu ruwansu na Turai ne. Abin da ya zama na Bahaushe ba ƙarfen ba ne, hannun da ya sarrafa shi ne da aikin da aka sa shi. Hannun kuwa tsoho ne: tarihin Kano ya danganta kafuwar garin da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama a gindin Dala.

Maƙerin da ya iso bakin Shuɗin Nilu bai tarar da baƙon daji ba, kuma nan ne abin ya fi ba da sha'awa. Itacen da ya cika fadamun kogin, wanda mutanen Sudan ke kira sunut, shi ne bagaruwar da ya baro a gida. Gawayinta yana da zafi, itacenta yana da taurin da ya isa ƙota, 'ya'yanta kuma su ne abin jimar da majeman Sudan ke amfani da shi kamar yadda majeman Kano ke yi. Aduwa ma tana nan. Abin da ya rasa shi ne tama, domin ƙasar Jazira baƙar laka ce shimfiɗaɗɗiya. Sai jirgin ƙasa ya cike gurbin: layin dogo ya iso Wad Madani a 1909, ya wuce Sannar, daga baya motoci suka biyo, tsohon ƙarfe ya wadata. Maƙeri yakan yanki guntun sifirin mota, ya tura cikin gawayi, yaro na tuƙa zuga-zugi, ya ɗauko da awartaki ya ɗora a uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba har bakin ya yi fale-fale, ya ja wa gindin siririyar jela. Sai ya sake ƙona ruwan ya tsoma a ruwa ko mai don ya yi tauri, ya bi shi da magagari, sa'an nan ya zafafa jelar ya soka ta cikin itacen ƙota tana hayaƙi har ta zauna daram. Daga nan aikin baduku ne: ya naɗe kuben da fata, ya yi masa zane da bakin ƙarfe, ya kitsa zoben hannun. Mutum uku ko huɗu ne ke cin abinci a kan wuƙa ɗaya kafin ta kai ga wanda zai yi aiki da ita.

Farauta kuwa, wadda ita ce uwar wannan wuƙa a ƙasar Hausa, ba ta yi tsawon rai a Jazira ba. A da gabashin Sudan ƙasar manyan namun daji ce. Samuel Baker, wanda ya zagaya kogunan yankin a 1861 da 1862, ya ba da labarin Larabawan Hamran masu farautar giwa a kan doki da takobi kawai. Amma da aka kammala madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, sai aka share filin da ke tsakanin Nilu biyu, aka tsaga shi da magudanan ruwa a miƙe, kuma faɗaɗa aikin zuwa Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950 ta cinye sauran. Dajin da ya rage a gefen kogin Dindir gwamnati ta killace shi a 1935, ta mai da shi gandun da ba a farauta. Irin gayyar farautar rani da aka sani a Katsina ko Gobir, da karnuka da kiɗa da kirarin 'yan tauri, ba ta da wurin tsayawa a tsakiyar gonar auduga. Da wuƙar ta farauta ce kawai, da ta mutu a nan.

Ba ta mutu ba domin mai ita ya nemo mata wani aikin. Gonakin haya na aikin Jazira, waɗanda ake kira hawasha, an fi ba da su ga 'yan ƙasa, kuma dokokin zama ɗan ƙasa da aka fara a 1948 sun bar 'yan Afirka ta Yamma da yawa a matsayin baƙi ko da a nan aka haife su. Saboda haka Bahaushe ya zama ɗan ƙodago a gonar wani, ko ya koma ga abin da hannunsa ya iya. Ya noma albasa da tumatir da kuɓewa a gaɓar da kogi ya janye ya bari. Ya shiga kwalekwale ya zama masunci, inda wuƙa ke farke cikin giwan ruwa da tarwaɗa, tana tsaga su don a shanya, tana yanke koma in ta sarƙe. Ya kuma kafa tukubar nama a bakin kasuwa da tashar mota. Naman nan da Sudan duka ta sani da agashe, tun daga Omdurman har Gadarif, kowa ya yarda na Hausawa ne, kuma asirinsa ba a yaji kaɗai yake ba. A yanka yake. Sai an shimfiɗe tsoka an bi ta a kwance da wuƙa mai kaifi, ana buɗe ta falle-falle har ta yi sirantar da garin gyaɗa da yaji za su kama ta, wuta kuma ta ratsa ta daga gefe ba tare da ta ƙone ba. Hannun da ya iya feɗe barewa ba tare da ya huda fatar ba shi ne hannun da ya iya wannan. Masanin nan Bawa Yamba, a littafinsa na 1995 kan waɗannan al'ummomi, ya nuna yadda zuriya bayan zuriya suke ɗaukar kansu alhazai masu kan hanya, suna guje wa abin da zai ɗaure su wuri ɗaya. Mai irin wannan tunani dole ya fi son jarin da zai rataya a hannu ya tashi.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu cewa duk da haka wuƙa makami ce, kuma ƙawata tarihinta ɓoye gaskiya ne. Ba a musun cewa an zubar da jini da ita, kamar yadda aka zubar da gatari da sanda. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, wanda ya ci rayukan Hausawa da maƙwabtansu da yawa, rikici ne na ƙasa da sarauta da tambayar wane ne ɗan gida, ba na abin da mutum ya ɗaura a damtse ba. Abin da ya watsa Jazira kuma, tun da dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan suka shiga Wad Madani a Disamba 2023 har sojoji suka karɓe ta a Janairu 2025, bindiga ce da motar yaƙi. A auna da adalci: wuƙar da ta yi shekara ashirin a hannun mutum, ta yanka ragon suna da na layya, ta sassaƙa ƙotar fartanya, ta gyara kifi dubu, kuma ba ta taɓa jikin ɗan Adam ba, da wane suna ya kamata a rubuta ta? Jera ta cikin makamai yana da nasaba da yadda irinta da yawa suka isa Turai, a cikin kayan sojojin da suka kwaso ganima bayan yaƙin Mahadi. Sun ga abin da suka zo nema.

Masu tarawa suna da tasu hujjar, cewa ba don su ba da tsofaffin wuƙaƙen sun ɓace, kuma akwai gaskiya a ciki, domin wuƙar aiki wasawa ke cinye ta har ta koma kamar tsinke a jefar. Sai dai abin da kasuwar tarawa ta fi so shi ne wanda bai yi aiki ba: kube mai fatar kada ko ta guza, ruwa mai rubutu da zane, irin wanda aka daɗe ana ƙera wa baƙi a kasuwar Omdurman. Wuƙar masuncin Wad Haddad, mai ƙotar da hannu ya sa ta sheƙi da bakin da dutse ya rage wa faɗi, ba ta da farashi a wurinsu, ita ce kuwa mai labarin. Barazanar da ke gabanta yanzu ba rashin mai adanawa ba ce. Wuƙaƙen kamfani masu ƙotar roba sun cika kasuwa da araha, ana saye ana yarwa ba a kai su gyara, kuma maƙerin da ba a kawo masa gyara ba ya iya riƙe yaron zuga-zugi. Manyan mahauta da masu agashe ne suka fi riƙe cinikinsa, domin sun san ƙarfen sifiri yana karɓar kaifi da 'yan shafe-shafe kaɗan a dutse, yana kuma jure aikin yini guda a kan tukuba.