Daga Kwabo Hamsin zuwa Babura: Yadda Ƙungiyar Ɗaliban Najeriya Ta Kafu

Yaron da ya taso daga Roni ko Gwiwa ya sami gurbi a babbar makaranta, ba ya cika mako guda sai siyasar ɗalibai ta tare shi. Tun yana layin rajista wani zai dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwa, daga wace ƙaramar hukuma?" Da ya ce Roni, sai a sa sunansa a littafin 'yan gida, a gaya masa ranar taro. Gaba da wannan akwai NAJISS, ƙungiyar ɗaliban Jihar Jigawa, akwai ƙungiyar makarantar kanta mai shugaba da majalisa da kakaki, can sama kuma ga uwar ƙungiya, NANS, wadda ke cewa da yawun kowane ɗalibin Najeriya take magana. Yawancin yaranmu sun san ta ne a jikin bas mai ɗauke da sunanta, ko a bakin masu kiran juna kwamared. Kaɗan ne suka san inda ta fito da irin abin da aka biya kafin ta tsaya da ƙafafunta.

Tushen yana Landan. A ranar 7 ga Agusta 1925, Ladipo Solanke, ɗalibin lauya ɗan Abeokuta, da likita Herbert Bankole-Bright na Saliyo suka tara ɗaliban Afirka ta Yamma da ke Ingila suka kafa WASU. Babbar damuwarsu ta farko ita ce wurin kwana, domin masu gidajen haya da yawa ba sa karɓar baƙar fata. A 1933 suka buɗe masaukin kansu, kuma a wannan masauki aka riƙa tattauna maganar 'yancin kai. Kwame Nkrumah ma ya riƙe muƙami a ƙungiyar kafin ya koma gida. A 1956 aka kafa ta Najeriya zalla, NUNS, lokacin ƙasar nan ba ta da kwalejin jami'a sai ta Ibadan. Ba ta daɗe ba ta nuna tana da haƙora. Bayan samun 'yanci a 1960, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta shiga yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ta bai wa sojan Ingila damar amfani da sararin samaniya da filayen jiragen ƙasar. Ɗalibai suka yi tattaki har majalisa a Legas, 'yan adawa suka kama, a Janairun 1962 aka soke yarjejeniyar.

A shekarar ce kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ƙofar da 'yan Arewa suka shiga wannan harka ta cikinta. Roni a lokacin tana cikin Lardin Kano, daga 1967 kuma cikin Jihar Kano. Wanda Allah ya ba shi rabon karatu mai zurfi a ƙasar Kazaure, sai ya bi ta Ɗambatta ya shiga Kano, ko dai ya tsaya a Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ko ya zarce Samaru, harabar jami'ar ta Zariya. 'Yan ƙalilan ne, kuma galibinsu 'ya'yan manoma ne da ba abin da ya riƙe su a makaranta sai tallafin karatu na gwamnati da abinci mai rahusa.

Abinci kuwa shi ne zaren da ya ratsa tarihin nan gaba ɗaya. Ɗalibin farko da 'yan sanda suka harbe a harabar jami'a a Najeriya, Kunle Adepeju, ya faɗi ne a Ibadan ranar 1 ga Fabrairu 1971, a rikicin da ya samo asali daga ƙorafi kan ɗakin cin abinci. Shekara bakwai bayan nan aka yi babban rikicin.

A wancan zamani ɗalibi tikiti yake yanka. Ya miƙa shi a kafteriya, a zuba masa na safe, na rana da na dare, duka a kan Naira 1.50 a yini. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo, ta hannun Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, ta mayar da shi Naira 2, ta kuma ƙara kuɗin ɗakin kwana. Ga mai albashi a Legas, kwabo hamsin ba wani abu ba ne. Ga yaron da ubansa sai ya sayar da gyaɗa ko akuya kafin ya ba shi kuɗin mota, kwabo hamsin a kullum har ƙarshen zango shi ne bambancin zama da komawa gida. Shugaban NUNS na lokacin, Segun Okeowo na Jami'ar Legas, ya zagaya makarantu, aka yi ta zama da hukuma ba a daidaita ba, sai aka ƙaurace wa azuzuwa a watan Afrilu. Kwamishinan ilimi na tarayya shi ne Kanar Ahmadu Ali, shi ya sa boren ya ci sunan "Ali Must Go", wato dole Ali ya sauka. A Legas aka harbe Akintunde Ojo, ɗalibin zanen gine-gine. Da labari ya iso Zariya ɗalibai suka fito, aka turo sojoji Samaru, aka kashe ɗalibai da dama. Gwamnati ta rufe jami'o'i, ta haramta NUNS, ta tsare Okeowo, ta kori wasu malamai. Shugabannin jami'o'in Legas da Zariya, Farfesa Ade Ajayi da Farfesa Iya Abubakar, duk sun bar kujerunsu a dalilin wannan rikici. Ba a janye ƙarin ba. Amma daga ranar kowace gwamnati ta san cewa taɓa kuɗin makaranta yana da farashi.

A 1980, bayan dawowar mulkin farar hula, aka sake haɗa ƙungiya da sabon suna, NANS. A nan ne Arewa ta shiga tsakiyar fage. Cikin shugabanninta na farko akwai Tanimu Yakubu Kurfi, ɗan ƙasar Katsina, wanda bayan shekaru ya zama mai bai wa Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa shawara kan tattalin arziki. Ba a banza haka ta faru ba. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka zama gwamnoni, aka soke haraji da jangali. A Samaru ga Dakta Yusufu Bala Usman yana koyar da tarihi, a Kano ga Dakta Bala Muhammad, wanda aka kashe a tarzomar 10 ga Yuli 1981. Ɗan ƙauyen da ya taso yana jin labarin wuyar da 'yan tsohuwar jam'iyyar NEPU suka sha a hannun 'yan doka, sai ya tarar ana maganar talaka da azzalumi a ɗakin lacca, da littafi da hujja. Ba kowa ne ya bi wannan layi ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSS, wadda aka kafa a Legas tun 1954, ta yi ƙarfi ƙwarai a Zariya da Kano, kuma muhawara tsakaninta da 'yan ra'ayin gurguzu takan yi zafi har ta kai ga faɗa. Sai dai ɓangarorin biyu sun yi tarayya a abu guda: duk wanda zai tsaya gaban jama'a sai ya yi karatu.

Ƙarfin NANS ta wancan lokaci daga ƙasa yake tasowa. A kowace makaranta akwai babban taron ɗalibai, kongires, inda kowa ke da bakin magana, kuma shugaba ba ya kiran ƙauracewa sai taron ya amince. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na makarantu su ne 'yan majalisar dattawan NANS, an raba ƙasa shiyya-shiyya, kuɗin tafiyarwa kuma daga aljihun ɗalibai yake fitowa. Mai neman kujera sai ya ratsa daren bayyana manufa. Zaure ya cika maƙil, wasu a kan taga, wasu a tsaye a bayan kujeru. Ɗan takara ya hau dandamali da 'yar takardarsa, makirufo na ƙara, a ba shi 'yan mintoci. Kafin ya gama gaisuwa wani daga baya ya jefo masa tambaya kan ruwan da ya ɗauke a ɗakunan kwana, wani kan bashin ƙasashen waje. In ya yi inda-inda, ihu ya sauke shi, kuma washegari kowa ya san ta ƙare masa.

A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta janye tallafin abinci a jami'o'i, kafteriya ta mutu. NANS ƙarƙashin Lanre Arogundade ta kira ƙauracewa, gwamnati ta ce ba ta san da ƙungiyar ba. Sai 1986, shekarar da Zariya ba ta mance ba. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano na tunawa da waɗanda aka kashe a 1978, jerin ya ratsa ta ɗakin kwanan mata na Amina. Hukumar jami'a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta ɗauki hakan a matsayin karya doka, ta hukunta shugabannin ƙungiya. Ɗalibai suka ce sai a janye. Ranar 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Samaru suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum huɗu ne suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Bore ya bazu a jami'o'in ƙasar, Ƙungiyar Ƙwadago ta shirya tattakin nuna goyon baya, gwamnatin Babangida ta kama shugabanninta. Kwamitin Manjo Janar Emmanuel Abisoye da aka naɗa ya bincika ya ɗora wani kaso na laifin a kan malaman da ya ce suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. An sake haramta NANS. A 1988 aka ɗauke Dakta Patrick Wilmot, malami a Zariya, aka sa shi a jirgi aka fitar da shi daga ƙasar.

Haramcin bai kashe ta ba. A 1989, lokacin Salihu Lukman na Zariya ne shugaba, ɗalibai suka jagoranci boren ƙin tsarin SAP, wanda ya karya darajar Naira ya sa kayan masarufi suka gagari talaka. 'Yan kasuwa, direbobi da marasa aikin yi suka bi bayansu a Benin da Legas da wasu birane. An rasa rayuka, an rufe jami'o'i, amma dole gwamnati ta fito da matakan rage raɗaɗi. A ganina wannan ne ƙololuwar ƙungiyar, domin a ranakun nan mutanen da ba su taɓa shiga aji ba sun yarda cewa ɗalibai da yawunsu suke magana.

Abin da harsashi ya kasa, kuɗi ya yi. Tun cikin shekarun 1990 aka fara ganin ɓangarori, kowane da uban gidansa. Bayan 1999 abin ya fito fili: shugaba biyu ko uku a lokaci guda, taron zaɓe a Abuja cikin rakiyar 'yan daba, lambobin yabo da ake kai wa masu mulki har ofis. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. A makarantu da yawa hukuma ta rushe zaɓaɓɓiyar ƙungiya ta naɗa kwamitin riƙo, kongires ya zama tarihi. Ba na cewa babu sauran masu gaskiya. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, 'yan NANS sun tare babbar hanyar Legas zuwa Ibadan da ta filin jirgin saman Legas, kuma sun yi hakan ne a madadin yaran da ke zaune a gida, har da namu. Amma da jami'o'in tarayya da dama suka ninka kuɗin rajista a 2023, bayan cire tallafin mai, muryar da aka ji ba ta kai ko kusa da ta kwabo hamsin ba. Wannan yana min ciwo, domin na san gidajen da ƙarin ya sa yaro ya ajiye karatu ya koma gona ko ya tafi ci-rani.

A tsawon wannan lokaci makaranta ta matso kusa da mu. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, kuma a Kazaure aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha da yau ke ɗauke da sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu, wadda daga baya gwamnatin tarayya ta karɓa. An buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, jiha ta kafa tata a Kafin Hausa, a 2021 kuma aka amince da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Ɗan Roni yanzu yana iya karatu ya kwana kusa da gida, kuma 'yan mata da iyaye ba za su bari su tafi Zariya ba suna samun shiga. Ƙungiyoyin 'yan gida suna aikin da ba a buga shi a jarida: bibiyar tallafin karatu a Dutse, nuna wa ƙanne yadda ake cike fom na JAMB da na bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, koyarwa kyauta a makarantun sakandare lokacin hutu, karo-karo idan wani ya kasa biyan rajista. Daga irin wannan aiki ne ake gane wanda ya cancanci a tura shi gaba, kuma shi ne mafi kama da abin da WASU ta fara da shi.

Wanda zai wuce nan ya nemi kujerar ƙungiyar makaranta, ya kamata ya san dokar da yake tsaye a kanta. Bayan boren SAP, gwamnatin soja ta fitar da Doka ta 47 ta 1989 kan harkokin ƙungiyoyin ɗalibai. Ta mayar da shiga ƙungiya ganin dama, ta ba hukuma ikon haramta ƙungiya da dakatar da ɗalibi ko korarsa, ta kuma tanadi tara da ɗauri. Sojoji sun koma bariki tun 1999, amma da aka sake tattara dokokin tarayya a 2004 an shigar da ita cikin kundin, kuma a ƙarƙashinta ake zaɓen ɗalibai a Kazaure da Dutse da Kafin Hausa.