Maganin Tattaunawa ga Ciwon Damuwa, Kaɗaici da Matsalolin Aure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad da alayensa da sahabbansa.

Maganin tattaunawa hanya ce ta jinya wadda ƙwararre ke zama da mara lafiya lokaci bayan lokaci, su bibiyi tunaninsa da halayensa har ya samu sauƙi. Ana amfani da shi ga ciwon damuwa, da kaɗaici, da saɓanin ma'aurata, da wanda musiba ta afka masa ya kasa jurewa.

Mene ne ciwon damuwa

Baƙin ciki ɗabi'a ce ta ɗan Adam. Annabi Yakubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki. Likitoci suna kiran abin ciwo idan ƙuncin zuciya ya kai mako biyu ko fiye, kusan kullum, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barcinsa da cinsa suka rikice, ya kasa aikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutane kusan miliyan 280 ke fama da shi, mata sun fi maza yawa. Saboda haka kuskure ne a ce wa mai wannan ciwo imaninsa ne ya yi rauni. Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani.

Asalinsa a wajen malamanmu

Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya yi bayanin fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai mai sanannen dalili, kamar mutuwa ko asarar dukiya, wanda ake magancewa da nasihar mai hikima da gyaran tunani. Akwai kuma mai zuwa haka kawai ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake, yana buƙatar maganin likita. Ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana da lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ɓacin rana. Farfesa Malik Badri ɗan ƙasar Sudan ya fassara sashen da ya shafi rai zuwa Turanci a 2013.

Hanyar zamani da sakamakonta

Hanyar da aka fi gwadawa a yau ita ce ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likita Aaron Beck ya tsara a Amurka a shekarun 1960. Mai damuwa yakan riƙa ce wa kansa ba shi da amfani, kowa ya tsane shi, gobe ma haka za ta kasance. Ƙwararren yakan sa shi ya rubuta irin waɗannan tunani, ya auna su da hujja, sannan ya koma ayyukan da ya bari kaɗan-kaɗan. Yawanci zama 12 zuwa 20 ake yi, sau ɗaya a mako.

An gwada hanyar a ƙauyukan Rawalpindi na Pakistan, inda aka horar da ma'aikatan lafiya mata su riƙa ziyartar masu juna biyu da ke fama da damuwa. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari na matan da aka yi wa wannan jinya ne suka rage cikin ciwon, alhali a ɗaya rukunin kashi 53 ne. A Zimbabuwe kuma likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama shida, suna warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma binciken 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. Wannan darasi ne ga masallatanmu, domin ya nuna wanda ba likita ba ma zai iya taimakawa idan ya samu horo da kulawar ƙwararru.

Kaɗaici da zaman aure

Masu bincike sun gano cewa tara mai kaɗaici da jama'a kawai bai fi gyara mummunan zaton da yake wa mutane tasiri ba, domin wanda ya ɗauka ba a son sa yakan janye ko da yana tsakiyar taro. Don haka sallar jam'i da zumunci sun fi amfanar sa idan aka haɗa da wanda zai saurare shi a keɓe.

A ɓangaren aure, aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da a naɗa mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata. Masu ba ma'aurata shawara suna koya musu sauraron juna, da faɗin buƙata ba tare da gori ba. Ma'aurata da yawa suna samun gyara, musamman idan sun zo da wuri. Amma inda ake duka, kare wanda ake cutarwa shi ne farko, kafin duk wani zaman sulhu.

Iyakarsa

Tattaunawa takan wadatar a ciwo mai sauƙi ko matsakaici. Idan ya yi tsanani ana haɗa ta da ƙwayoyin likita, waɗanda kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a daina shan su sai da izinin likita. Duk wanda ya fara maganar kashe kansa a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a suna tafiya tare da wannan jinya, babu wanda ke hana wani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya natsuwa a gidajenmu. Amin.