Daga Sandar Sauraro Zuwa Dokar 1999: Yadda Sufeton Famfo Ya Samu Shiga Gidajen Ingila

A Ingila, ma'aikacin kamfanin ruwa yana da hurumin ƙwanƙwasa ƙofa ya nemi ganin bututun gida, daga madafa har banɗaki. Wannan hurumi ya haura shekara 170, kuma tun asali kamfani ya nema ne domin kare aljihunsa, ba lafiyar mai gida ba.

A shekarar 1613 Hugh Myddelton ya kammala haƙa magudanar da ake kira New River, wadda ta janyo ruwa daga maɓuɓɓugan Hertfordshire zuwa Landan. Ana rarraba shi ta bututun katako, a ja siririn bututun dalma zuwa gidan duk wanda ya biya. Ruwan ba kullum yake zuwa ba. Ma'aikacin kamfani ne ke yawo da dogon makulli, ya buɗe wa wannan unguwa na ɗan lokaci, ya rufe, ya wuce gaba. Kowa sai ya tara nasa a tanki ko ganga. Har tsakiyar ƙarni na 19 haka yawancin Landan ke shan ruwa.

Kuɗin ruwa kuwa bisa darajar hayar gida ake yankawa, babu mita. Saboda haka famfo ya kwana yana zuba, mai gida ko a jikinsa. Wasu ma da gangan suke barin kan famfo a buɗe don kada ruwa ya zo ya wuce su. Asara ta kamfani ce, shi ya sa kamfanoni suka matsa wa majalisa. Dokar ayyukan ruwa ta 1847 ta ba jami'insu izinin shiga gida tsakanin ƙarfe 9 na safe da 4 na yamma, ya duba ko ana ɓarnar ruwa.

Rigima ta yi zafi ne a kan neman ruwa dare da rana. Injiniya Thomas Hawksley ya riga ya nuna a Nottingham, tun farkon shekarun 1830, cewa abin mai yiwuwa ne. Kamfanonin Landan suka ja daga: in an saki ruwa kullum cikin ruɓaɓɓun bututun gidaje, ai madatsu za su ƙafe. Dokar ruwan Landan ta 1871 ta raba gardama. Kamfani zai ba da ruwa ba yankewa, amma sai mai gida ya sa kayan famfo irin waɗanda ƙa'ida ta tanada, kuma ya bar sufeto ya gani da idonsa. Masu gidajen haya a unguwannin talakawa sun yi ta jan ƙafa saboda kuɗin gyara, har aka kusa shiga ƙarni na 20 kafin yawancin birnin ya samu ruwa kullum.

A Liverpool aka fi gwanancewa wajen farautar yoyo. Injiniyan birnin, George Deacon, ya ƙirƙiro wata mita a 1873 wadda ke zana a takarda yawan ruwan da ke shiga unguwa guda. Da tsakar dare, lokacin da kowa ya yi barci, ya kamata layin ya faɗi ƙasa warwas. In bai faɗi ba, to akwai inda ke zuba. Sai sufetocin dare su fita da sandar sauraro, su dafa bakinta a kan makunnin ruwa da ke ƙofar kowane gida, su kara ɗaya bakin a kunne, kamar likita yana sauraron ƙirji. Gidan da aka ji ruwa na gudu a cikinsa, da safe sufeton rana zai yi sallama. Har yau masu neman yoyo a Birtaniya ba su yar da wannan sanda ba.

A 1904 hukumar ruwa ta gwamnati ta karɓe kamfanoni 8 na Landan, a 1989 kuma aka sake sayar da harkar ruwan Ingila da Wales ga 'yan kasuwa. Duk wannan sauyin hannu bai taɓa aikin sufeto ba. Abin da yake nema ne ya sauya.

Yanzu babban abin tsoro shi ne ruwa ya koma da baya. Idan babban bututu ya fashe, ko 'yan kwana-kwana suka ja ruwa da yawa, ƙarfin ruwan titi kan faɗi, sai bututu ya zuƙo abin da ke cikin gida. Tiyon da aka bari tsome cikin bokitin maganin kwari, ko cikin kwamin shan ruwan shanu, zai iya aika guba zuwa famfon maƙwabta. Ƙa'idojin kayan famfo da suka fara aiki ranar 1 ga Yuli 1999 sun kasa ruwa gida 5 bisa haɗarinsa. Na 1 shi ne ruwan sha mai tsabta, na 5 kuwa ya haɗa da na mahauta, ɗakin ajiye gawa da masai. A irin waɗannan wurare dole a bar tazarar iska tsakanin bakin famfo da saman ruwa, ta yadda babu abin da zai iya hawa baya.

Shi ya sa sufetocin yau suka fi ziyartar gonaki, asibitoci, masana'antu da sababbin gine-gine fiye da gidajen talakawa. Wanda zai girka bahon wanka da ya wuce lita 230, ko injin jan ruwa da ya wuce lita 12 a minti, sai ya sanar da kamfani tukuna. In kwana 10 na aiki suka wuce babu amsa, doka ta ɗauka an yarda. Wanda aka kama da saɓa ƙa'ida ana ba shi wa'adin gyara, in ya ƙi a kai shi kotu, in kuma haɗarin na gaggawa ne a yanke masa ruwa nan take.

Tsohuwar damuwar ɓarna ma tana nan daram: sabon tankin masai a Ingila ba a yarda ya saki fiye da lita 6 a ja ɗaya ba.