Tafkin da Ba Ya Rabuwa: Shari'ar Endorois da Gazawar Sashe na 27 Wajen Kare Al'adun Tsiraru

Tsakure

Wannan maƙala tana jayayya da masu ganin cewa haƙƙin al'ada na ɗaiɗaikun mutane ne, kuma da zarar an kare kowane mutum an kare al'ummarsa ke nan. Nazarin hukunce-hukunce biyar ya nuna cewa duk inda al'ada ta rataya a kan ƙasa, ba a iya biyan haƙƙin da aka danne sai an yarda cewa al'ummar ce mai shi.

Gabatarwa da waiwaye

Sashe na 27 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa ta 1966 shi ne ginshiƙin da aka fi jingina da shi a wannan fage. Sai dai waɗanda suka tsara shi sun yi kaffa-kaffa: mutanen da suka fito daga cikin tsiraru aka ba haƙƙin yin al'adarsu da addininsu da harshensu tare da 'yan'uwansu, ba ita ƙabilar ba. Sanarwar Majalisar ta 1992 kan tsiraru ma wannan layin ta bi. Duk da wannan taka-tsantsan, Faransa ta ce sashen bai shafe ta ba.

Will Kymlicka, a littafinsa na 1995, ya rarrabe tsakanin kariyar da al'umma ke nema daga waje da takurawar da take yi wa 'ya'yanta a cikin gida. Ba mu da ja a kan wannan. Wanda muke da magana da shi Jack Donnelly ne da mabiyansa. Hujjarsu ita ce haƙƙin ɗan Adam ana samun sa ne don kasancewar mutum mutum, ƙabila kuwa ba mutum ba ce, saboda haka ko tana da wani haƙƙi, ba wannan ba. Suna kuma tsoron kada shugabannin ƙabila su fake da sunan jama'a su murƙushe mata da masu saɓa musu. Tsoron yana da tushe. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa duk abin da al'umma ta rasa ana iya kasafta shi, a miƙa wa kowa rabonsa.

Hanyar bincike

An karanta matanin hukunce-hukunce uku na Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da biyu na Afirka, aka yi wa kowanne tambaya biyu: wa aka ɗauka a matsayin mai haƙƙi, kuma wane gyara aka umarta.

Sakamako

Hukunce-hukuncen Kwamitin ba sa buƙatar dogon bayani. A 1981 ya ce Kanada ta zalunci Sandra Lovelace, wadda doka ta raba da matsayinta na 'yar ƙabila don ta auri bare. A 1988 ya ƙi goyon bayan Ivan Kitok, Basami ɗan Suwidin da ya rasa cikakken haƙƙin kiwo a ƙauyensu, yana mai cewa dokar ɗorewar al'ummar take karewa. A 1990, a ƙarar Bernard Ominayak, ya ce ba ya sauraren ƙara kan 'yancin cin gashin kai na al'umma, amma ya yarda haƙar mai da iskar gas a ƙasar ƙabilarsa ta Lubicon ta saɓa wa sashe na 27. Wato Kwamitin yana auna maslahar al'umma, amma da sunan mutum ɗaya yake shigar da ita.

A Kenya ne lamarin ya fito fili. Endorois makiyaya ne da suka daɗe a gaɓar Tafkin Bogoria. A 1973 gwamnati ta mayar da yankin gandun namun daji, aka soma fitar da su. Masu ƙara sun shaida cewa an yi musu alkawarin fili mai albarka, da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin masu yawon buɗe ido, da kashi 85 na guraben aiki. Abin da ya zo hannu a 1986 shi ne sulen Kenya 3,150 ga kowane gida, kuma gidaje 170 kaɗai cikin 400 suka samu.

A nan ya kamata mai bin ra'ayin Donnelly ya dakata ya yi lissafi. A ce gwamnati ta biya gidaje 400 ɗin duka, ta kuma ninka kuɗin sau ɗari. Me aka maido? A bakin tafkin ne shanu ke lasar gishirin da ke musu magani. Can ake tsinko saiwoyi da ganyayen magani, can ake addu'o'i da bukukuwan kaciya, can kuma kaburburan kakanni suke. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake mallakar wani gida. Kamar hurumin gari ne: kowa na mora, amma ba mai nuna kusurwa ya ce tasa ce a biya shi. Bikin kaciya ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, kuma wanda aka ba shi izinin shiga shi kaɗai da tikiti, kamar ɗan yawon buɗe ido, bai samu komai ba daga abin da ya rasa.

Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta fahimci haka. A hukuncinta na Nuwamba 2009, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a Fabrairun 2010, ta fara da tabbatar da cewa Endorois al'umma ce a ma'anar Yarjejeniyar Afirka ta 1981, sannan ta sami Kenya da keta sassa na 1, 8, 14, 17, 21 da 22. Abin lura shi ne sashe na 8 da na 14, na addini da na mallaka, waɗanda bisa al'ada ake karantawa a matsayin haƙƙin mutum ɗaya. Hukumar ta ɗora su a kan al'umma sukutum. Gyaran da ta nema ma haka yake: a maido da ƙasar, a buɗe musu hanyar tafkin ba tare da shinge ba, a ba su kaso daga kuɗin da ake samu, a kuma yi wa ƙungiyar da ke wakiltarsu rajista. Babu ko ɗaya a ciki da za a iya rubuta wa sunan mutum guda.

Kotun Afirka da ke Arusha ta bi sahu a shari'ar al'ummar Ogiek ta dajin Mau na Kenya a 2017. A 2022 ta umarci a ba su takardar mallaka ta bai-ɗaya, kuma diyyar, wadda ta haura sule miliyan 157, asusun raya al'umma aka ce a zuba ta.

Ba mamaki gwamnatoci ke ɗari-ɗari da wannan fahimta. Lokacin ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya kan sanarwar haƙƙin 'yan asalin ƙasa a 2007, Kenya da Nijeriya suna cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace.

Iyakokin bincike

Dole a amsa cewa takardu kawai aka karanta, ba a ji ta bakin kowa a Bogoria ba, kuma hukunce-hukunce biyar ba su wakilci duniya ba. Hujjar ta fi ƙarfi inda al'ada ta dogara da ƙasa. Ga tsirarun birane masu neman a koyar da harshensu, sashe na 27 na iya isa. Za a kuma ce Kenya ba ta aiwatar da mafi yawan abin da aka nema ba, har an sake korar wasu Ogiek a Nuwamba 2023. Gaskiya ne, amma wannan laifin mai ƙin bin hukunci ne, kuma hukunce-hukuncen ɗaiɗaiku ma ana yi musu kunnen uwar shegu. Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta wakilci: idan takardar mallaka ta fito da sunan al'umma, wa zai riƙe ta, kuma ina mace irin Lovelace za ta kai kuka in dattawan garinsu ne suka kore ta? Hukuncin Endorois bai warware wannan ba, kuma yana buƙatar bincike na dabam.